Ranar Bikon Yayata

Babanmu bai taɓa kiran sunan yayata ba. 'Yar fari ce, kuma a gidanmu na Kankiya kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. In yana son ta kawo masa ruwa, ni zai kalla ya ce, "Ke, hwaɗa ma waccan ruwa nika so," alhali waccan ɗin ta fi ni kusa da shi. In ta durƙusa gaishe shi da safe, sai ya kau da kai ya amsa wa katanga. Inna ma haka take, ko yabon girkin Yaya aka yi a gabanta sai ta tashi ta shiga ɗaki kamar an zage ta. Duk abin da ya shafi Yaya, daga sa ta makarantar allo har zuwa aurenta, Baffa ne ke yanke shi, wato wan Baba, wanda gidansa ke bayan namu. Uba ba ya sa baki a maganar 'yar fari. Haka suka taras, haka suka riƙe.

Ni kuwa auta ce, kuma na ci moriyar autancin nan har na ƙoshi. A tabarmar Baba nake zama, a kwanonsa nake sa hannu, in ya faɗi magana in ce ba haka ba ne. Inna takan ce bakina ba shi da linzami, shi kuma ya ce a ƙyale ni, gado na yi. Hatsi yake sayarwa a kasuwa, amma in ka ji shi yana sharhin labaran duniya za ka ɗauka an taɓa ba shi jakada. Rediyonsa ba ya rabuwa da shi. Ya san shugaban da aka kifar, ya san inda ake yaƙi da inda aka yi sulhu, kuma kowace rigima ta duniya yana da yadda da shi ne zai raba ta.

A shekarar da nake ba da labari ban yi aure ba tukuna, ina koyarwa a wata firamare cikin gari. Aka zaɓe ni cikin malamai mata da za su je taron bita a Katsina. A can na fara jin cewa ƙasashen duniya sun zauna sun ƙulla yarjejeniya a kan cin zarafin mata, har da dukan da miji ke yi wa matarsa a cikin ɗaki, kuma wai tamu ƙasar ma ta sa hannu. Na dawo gida kaina ya yi zafi. Ko mayafi ban cire ba na zauna na zazzage wa Baba duk abin da na jiyo.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi dariya har da tari.

"Yanzu ƙasashe sukutum sun bar yunwa, sun bar yaƙi, sun taru kan marin da mutum ya yi cikin ɗakinshi? To wa za ya kai masu labari? Su waɗanda suka sa hannun, sun san hanyar Kankiya?"

Na ce masa ai ba abin dariya ba ne. Ya ce shi ma bai ce duka abin kirki ba ne, ƙaramin mutum ke dukan mace, amma maganar gida a gida ake kashe ta, da dattawa da goro. Daga ranar ya laƙaba mini Malama Mai Yarjejeniya. In tunkiya ta tunkuyi 'yar'uwarta a tsakar gida sai ya ƙwala mini kira, wai in zo in rubuta a kai ƙara. Na yi fushi na kwana biyu, da na ga fushin ba ya rage masa komai sai na haƙura.

Damina ta ja baya, gero ya fara nuna, yara na yawo da tumu a hannu, sai ga Yaya ta dawo gida. Mai babur ya sauke ta a ƙofar gida da hantsi, da goyo a bayanta da ƙullin kaya ɗaya. A wani ƙauye gaba da Bauranya take aure, wajen wani manomi mai ƙwazo wanda kowa ke yabo. In ya zo gaisuwa tun daga ƙofar zaure yake cire takalmi, kuma bai taɓa girbe sabon gero bai aiko wa Baba da dami ba. Amma wannan shi ne yajinta na uku. Biyun farko an zo biko, Baffa ya yi wa mijin faɗa, ya yi wa Yaya nasiha, aka ce haƙuri, ta koma.

Inna ta gan ta, ta amsa sallama ƙasa-ƙasa, ta karɓi jaririn ta shige ɗaki. Ba ta tambaye ta ba. Na san tambayar na cin ta, don miyar ranar gishirinta ya yi yawa, abin da ban taɓa ji a girkin Inna ba. Baba ya dawo daga kasuwa, ya ga takalmin Yaya a ƙofar ɗakinmu, ya tsaya ya dube shi, ya wuce.

Ni ce na gani, don ni ba ruwana da kunya. Washegari na ce ta zo in yi mata kitso. Da ta zame ɗankwali ta sunkuya, sai na ga shatin bulala a bayan wuyanta ya gangara cikin riga, wani ya bushe wani sabo. Na janye rigar. Ban san sanda na saki matsefi ba. Na ce, "Yaya, wannan fa?" Ta ce in rufa mata asiri in yi kitsona. Da na matsa sai ta ce ai laifin bai taka kara ya karya ba, abincin gona ne ta makara kai wa masu aiki saboda yaron ya kwana da zazzaɓi. Ta faɗe shi kamar labarin wata.

Yayata mace ce mai sanyi, irin wadda in ka taka ta ita za ta ba ka haƙuri. Ita ta goye ni, ita ta koya mini daka, ita ke ɓoye mini ƙanzo. Ina yi mata kitson nan hawaye na zuba a gashinta, ita kuma tana ce mini in daina, kada Inna ta ji.

Na je wajen Inna, ta ce in kai wa Baffa. Na je wajen Baffa, ya saurare ni yana jan carbi, ya ce zai ja wa yaron kunne sosai wannan karon, amma aure ba riga ba ce da za a tuɓe don ta matse. Ya ƙara da cewa in bar shiga maganar manya. Na dawo wajen Baba ina huci. Ina fara cewa "Yaya" ya ɗaga mini hannu.

"Wagga magana ba tawa ba ce. Tana da uba, ga gidanshi can."

Ya ƙara muryar rediyo. A ranar, Allah ya sani, na ji haushin mahaifina. Na ce a raina, mutumin da ya san abin da ke faruwa a bangon duniya bai san abin da ke bayan 'yarsa ba.

Yaya ta yi kwanaki a gida. Tana shara, tana daka, tana wanke-wanke, ba ta zama. Abu ɗaya ne ya sauya, shi ne sai a kira ta sau biyu sau uku kafin ta amsa. Inna ta ɗauka tunani ne, ni ma haka na ɗauka.

Ranar biko suka iso bayan azahar. Kawun mijin ne da limamin ƙauyensu, da ƙullin goro a cikin ganye da turmin atamfa. Shi gogan bai shigo ba, ya tsaya can gindin dalbejiya kusa da baburinsa, wai kunyar surukai. Aka shimfiɗa tabarmi a zaurenmu. Baffa ya zauna a tsakiya. Baba ya koma can lungu kusa da ƙofa da rediyonsa a kashe a kan cinya, kamar baƙon da ruwa ya tsare.

Ina bayan ƙofar cikin gida ina jin komai. Kawun ya iya magana, ba a raba shi da wannan. Ya ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Ya ce yaro ya yi nadama, abinci ma ba ya iya ci. Ya ɗan saka cewa in ɓera da sata daddawa ma da wari, sannan ya yi sauri ya janye, ya ce amma su ba tonon silili ya kawo su ba. Liman ya kawo nasa, ya yi maganar haƙuri da ladarsa. Baffa ya yi faɗa, faɗa na gaske, ya ce wannan ne na ƙarshe. Ni kuwa na san na ƙarshen nan, na ji shi sau biyu a baya. Aka tura goro gaban Baffa. Ya ce to, in an yi la'asar ta shirya ta bi su.

A cikin gida Inna ta riga ta fara ɗaure wa Yaya kuka da daddawa a leda, tana yi ba ta ɗago kai. Yaya na zaune a bakin gado da mayafinta a jiki. Ba ta kuka. Da ma ta yi kukan da ya fi mini sauƙi.

Inna ta miƙo mini kwanon fura ta ce in kai wa baƙi. Na shiga zauren na durƙusa na ajiye, ban gaishe da kowa da kyau ba. Zan tashi ke nan sai na ji muryar Baba daga lungu.

"Malama, dakata."

Na tsaya a durƙushe.

"Wanga abu da kika zo mani da shi daga Katsina, na ƙasashen duniya. Mi ma kika ce sun sa ma hannu?"

Na dube shi. Na ɗauka tsokanar ce ya kawo gaban baƙi, har zuciyata ta fara tafasa. Amma fuskarsa ba dariya. Ba ni yake kallo ba, rediyon da ke cinyarsa yake kallo. Kowa ya san Baba da son labarin duniya, don haka baƙin suka yi murmushi, kawun har ya gyara zama, ya ɗauka an gama mai wuya an shiga hira.

Na ce sun yarda ne cewa dukan mace laifi ne ko da a ɗakin mijinta aka yi shi, kuma wajibi ne hukuma ta kare ta.

"Ikon Allah," in ji Baba. "Manya-manyan ƙasashe?"

Na ce manya da ƙanana.

"Da masu sallah cikinsu?"

Na ce da su.

Liman ya ce ai addini ya riga su, cutarwa haramun ce ko ga dabba balle matar aure. Baba ya ce madalla, ashe ba baƙon abu ba ne. Ya shiga murɗa abin neman tasha, rediyo kuwa a kashe.

"To ina tambaya, tunda ke kin yi karatu. Su ƙasashen, sun yi maganar kunne?"

Na ce, "Kunne kuma, Baba?"

"Kunne. A ce wata ƙasa ce can nesa. An ba mutum amanar ɗiyar mutane da kunnenta biyu, lahiya lau. Ta dawo da ɗaya. Akuya ta kifar da tulin kwanoni a hagunta, kaji suka watse, jariri ya farka, ita ko ba ta waiga ba. In ana mata magana sai ta karkato da dama, kamar mai leƙen rijiya. A irin wagga ƙasa, mi takardar ta ce? A maida ta a ƙarasa ɗayan?"

Na tuna ranar da akuyar ta yi ɓarnar, ina wurin, ni na kore ta ma. Na tuna kiran da ake yi wa Yaya ba ta amsawa. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da ita, nake taɓa kanta da hannuna, ban lura ba. Mutumin da ke amsa gaisuwarta yana kallon katanga shi ya lura.

Na ce, "Ban sani ba, Baba. Ba su gaya mana wannan ba."

"To," ya ce. "Ni dai tambaya na yi. Labarin duniya ne."

Baffa ya daɗe yana kallon ƙanensa. Tun suna yara suke tare, ya san irin nauyin da Baba ya danne kafin ya buɗe baki a wannan zama, ko da ta bayan gida ya zagayo. Sai Baffa ya juyo gare ni ya ce in kira yayata.

Ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa, kanta a ƙasa. Baffa ya sa ta juya ta ba shi hagunta, ya yi magana a hankali, ya tambaye ta sunan ɗanta. Duk mun ji. Ita ba ta motsa ba. Ya sake, ya ɗan ɗaga murya. Shiru. Sai ya taɓa kafaɗarta, ta juyo a firgice.

"Tun yaushe?" in ji Baffa.

Ta ce tun daren da washegarinsa ta baro. Mari ne. Ta ji wani abu ya yi ƙara a ciki, da safe ta ga jini a matashi.

"Mi ya hana ki hwaɗi?"

Ta ce, "Baffa, ba a tambaye ni ba."

Baffa ya sa hannu ya rufe fuskarsa. Kawun mijin ya fara cewa wallahi su ba su da labari, kuma na yarda da shi, don yadda ya zare ido ba na wasa ba ne. Liman ya yi salati ya sunkuyar da kai. Baffa ya sa bayan hannu ya tura ƙullin goron, ya bi shi da atamfar, har suka taɓa gwiwar kawun.

"Ku ɗauki kayanku. Ɗiyata ba ta zuwa ko'ina. Abin da ya rage mu haɗu gaban alƙali."

Suka tashi ba su sha furar ba. Muka ji tashin babur a waje. Baba ya kunna rediyonsa, ya kara a kunne, ya fita masallaci tun ba a kira sallah ba.

Da na koma ciki na tarar Inna ta ji komai. Tana zaune da ledar kukar a hannu. Ta dubi Yaya, dubawa ta sosai, irin wadda ban taɓa ganin ta yi mata ba, sannan ta ce da ni, "Hwaɗa mata ta cire mayahin nan, zahi ake." Yaya ta cire. A lokacin ne ta fashe da kuka, Inna kuma ta tashi ta shiga madafa ta hura wutar da ba a bukata.

Maganar alƙali ta ɗauki lokaci, kuma ba ta yi daɗi ba. An yi ta kai da komo, an yi gutsiri-tsoma a gari, wasu suka ce boko ne ya shiga gidanmu. Baffa ne ya tsaya har aka raba auren. Ni dai ban taɓa jin wata ƙasa ta aiko tambayar yadda aka ƙare ba, kuma Baba bai fasa tsokanata da yarjejeniya ba har ya bar duniya. Na sha gaya masa cewa ya ci bashin ƙasashen duniya godiya, shi kuma ya ce ai aron bakinsu kawai ya yi, ya kuma mayar musu.

Amma kafin duk wannan, kwana kaɗan bayan bikon, Baba ya ce da ni da safe, "Ki hwaɗa ma waccan ta shirya, za ku Katsina asibiti." Na ɗauka mu biyu ne. Muna isa tasha sai ga shi, wai yana da harkar hatsi a birni. Ya shiga gaba kusa da direba, mu muna can baya, bai waigo ba har muka isa. A asibiti ma bai shiga ba, ya zauna a benci a waje. Likita ya duba ya ce dodon kunnen ya fashe kuma abin ya taɓa ciki, za a ba da magani saboda ciwo, amma kada mu sa rai da ji. Na fito na gaya wa Baba. Ya ce, "Allah shi kyauta," ya miƙe.

Daga asibitin zuwa inda za mu hau mota akwai 'yar tafiya a bakin babban titi, ga motoci ga 'yan acaɓa kowa na tsere. Ka'idar tafiya da Baba ita ce yana gaba da nisa, mata na biye. Haka muka fara. Wani mai babur ya taho ta bayanmu yana ta hon, ya wuce ta hagun Yaya har iskarsa ta ɗaga mata mayafi, ita ba ta ji zuwansa ba sam. Na ja ta gefe ina zagin mai babur.

Baba ya tsaya. Ya duƙa kamar mai gyara takalmi har muka cim masa. Da ya ɗago sai ya koma hagun Yaya, tsakaninta da titi, kafaɗarsa dab da tata. Bai dube ta ba. Fuskarsa na wajen motoci, yana ta yi mini bayanin yadda farashin gero zai faɗi in sabo ya shigo kasuwa. Yaya na ta sauri don ta ba shi hanya ya wuce, shi kuma yana daidaita tafiyarsa da tata. Da ta gane ba wucewa zai yi ba, sai ta rage sauri, ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Haka suka jera har tasha, ni ina biye da jariri a baya.